Awarwaron Dogo

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya kuma aikin bai ƙarasa tsotse ki ba, don a hoton da kika aiko sai da na sa ido sosai kafin na gano akwai mutum a cikin rigar. Mu nan ƙalau muke. Gwaggo, uwar taki da kika tafi kika bar mana, ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma zagayen gidajen mutane. Matata da yara suna gaishe ki.

Kin ce in bar rubuta takarda in riƙa turo gajeren saƙo a waya kamar kowa. Na ƙi. Tun da zazzaɓi ya tafi da kunnuwana ina ƙarami, bakina ya koma kan alƙalami, kuma kin san bakin nawa ba gajere ba ne. Ki daure ki karanta, taubashiya, ko don ladan zumunci.

Kayanki sun iso lafiya, abin ɗaurawa a hannu da ɗan makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga. Ranar da na shiga shago da shi, ma'aikata suka yi ta dariya wai na sa awarwaro, har wani ya tambaye ni da hannu ko an sa ranar aurena. Sunan ya bi shi, yanzu ko manaja awarwaro yake ce masa.

Bari in tuna miki yadda aikin namu yake, tunda ke ba ki taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar kwamfuta nauyi ba. Gilashin tagar manyan gine-gine ya fi ƙofa tsawo. Mutum biyu ke ɗaukarsa a tsaye, kowa da mariƙin roba da ke manne wa gilashin. Hannuwa duk a kame, babu halin maganar hannu. Shi ya sa tun da na fara aikin nan, da abokina Sanƙo kaɗai nake ɗauka. Shi yana gaba yana tafiya da baya, fuskarsa na kallona, ni ina riƙe da ƙarshe. Abin da ke bayansa ni ke gani, abin da ke tashi a kunne shi ke ji. Da gira da haɓa da kumatu muke magana. In ya ɗaga gira, mota ko mutum na tafe. In na turo baki, akwai matakala a bayansa.

To yanzu ga awarwaro. Sanƙo ya ce hagu, sai in ji motsi a gefen hagu na hannuna. Ya ce dama, haka. Ya ce tafi, abin ya ɗan zungure ni. Ya ce tsaya, sai abin ya girgiza gaba ɗaya har cikin ƙashi. Injiniya, ba zan ɓoye miki ba, ranar farko sai da na koma bayan mota na share ido. Ban taɓa sanin an yi min magana ba tare da na kalli mutum ba. Ni na roƙe ki abin nan, kuma kin yi.

Ki riƙa cin abinci.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, sai mura da ta ƙi sakina. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata sauƙin ƙafa ba izinin yawo ba ne. Ka gaida Anti da yara. Maganar rama kuwa, mutumin da sai an lanƙwasa shi kafin ya shiga mota ba shi da bakin yi wa wani ba'a a kan jiki.

A ɗakin gwajinmu na karanta wurin da ka ce ka share ido, sai na kasa zama. Na yi ta zagaye teburi har abokin aikina ya ce, "Ke lafiya? Wani abu ya cije ki ne?" Wata da watanni ina fama da abin nan, in kwance in ɗaura, ban san ko zai yi aiki a hannun mutum mai zufa ba sai yanzu.

Ga abin da nake so. Shugabar sashenmu ta ce in gwajinka ya yi kyau za a ba ni dama in nuna shi a gaban manya, daga nan a ƙera da yawa don kurame masu aiki a ma'aikatu. Saboda haka ka ajiye tsokana ka amsa min. Batir yana kai yamma? Zufa na shiga ciki? In ana hayaniya a wurin gini, makirfon yana kama maganar Sanƙo ko yana ruɗewa? Girgizar tana firgita ka har ka kusa sakin gilashi? Ka faɗa min gaskiya ko da ba ta da daɗi, da ita zan yi gyara.

Kuma ka ce wa masu dariyar awarwaro, duk wanda ya sake zan ƙera masa ɗan kunne.

Ƙanwarka da ta fi ka boko

*

Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya raba ki da murar. Ƙaramin namu ya fara haƙori, an ce ba ya barin kowa ya runtsa. Ni dai barcina nake sha, wannan kam ribar kurma ce.

Amsoshinki: batir yana kai yamma har ya yi saura. Zufa ba ta shiga. Makirfo yana kama magana ko ana yankan tayil a kusa. Na daina firgita. Ki gaya wa shugabar taku komai daidai.

Sauran labari. Sanƙo ya juya. Tunda ba sai ya kalle ni ba kafin ya yi min magana, ya ce me zai sa ya ci gaba da tafiya da baya kamar rago mai shirin karo. Dama wuyansa da ƙugunsa sun daɗe suna damunsa saboda waiwaye. Yanzu ya miƙe, yana kallon gabansa yana ba da umarni, wai har waƙa yake yi. Na taya shi murna. Ƙeyarsa nake kallo daga safe har yamma, na haddace duk wani tabo da ke kan sanƙon nan. Mun fi sauri, wannan gaskiya ne.

Manaja ma ya lura. Jiya ya cire makirfon daga wuyan Sanƙo ya maƙala wa wani da muke kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya mutuwa, ya ce mu gwada. Muka ɗauka, muka kai, ba abin da ya fashe. Manaja ya dafa min kafaɗa, ya rubuta a wayarsa ya nuna min: "Ka ga, yanzu ko da wa aka haɗa ka duk ɗaya ne." Haka ne kuwa. Yanzu kowa na iya aiki da ni, ko bai taɓa kallon fuskata ba. Hagu in yi hagu, dama in yi dama, tsaya in tsaya.

Kwanakin nan ban san me ke damuna ba. In mun tashi aiki ba na iya wucewa gida kai tsaye, sai in yi ta zaga unguwa har ƙafata ta gaji. Matata ta ce ko awarwaron ne ya saba min da motsi. Wataƙila.

Yayanki

*

Yaya Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Mura ta tafi. Albishirinka.

An yi taron. Ɗakin ya cika. Na nuna musu awarwaron, na bayyana yadda yake aiki, suna ta gyaɗa kai irin na mutanen da ke jiran a tashi shan shayi. Sai na haska maganarka a bango da manyan baƙaƙe: "Yanzu kowa na iya aiki da ni." Yaya, nan take aka ɗauki tafi. Shugabarmu ta riƙe hannuna ta ce, "Abin da muke nema ke nan, a daina ɗaure kurma a jikin mutum ɗaya." An amince a ƙera guda ashirin na gwaji.

Ka ga dai dogon bakin nan naka ya yi rana. Yawon bayan aiki kuwa ai gara haka, tumbin da Anti ke ba ni labari ya samu mai rage shi. Ka aiko min da hotonka kai da Sanƙo kuna ɗauke da gilashi, ana so a sa a takardar bayani. Ka ce masa ya sa hula, kada hasken kansa ya ɓata hoton.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Lafiya dai ko? Takardata ta isa ko ba ta isa ba? Na turo saƙo a waya, ya nuna ka gani, ba ka amsa ba. Na kira Inna ta ce kowa lafiya, nan da nan ta koma ba ni labarin maƙwabta. Na san Inna, in ta yi saurin canza zance to akwai magana.

Na yi ta juya abin a raina. In don na haska maganarka a bango ban nemi izininka ba ne, na yarda ban kyauta ba, ka yi haƙuri. Ban faɗi sunanka ba, ban nuna fuskarka ba. Amma kai ma ka san wannan ba hali ba ne, babba da kai ka yi fushi ka kulle baki. Kullum in na dawo sai na leƙa akwatin wasiƙu kafin in cire takalmi, mai gadin gidanmu har ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Aiki ma ya gagare ni, abu ɗaya nake kwancewa ina mayarwa.

Ka zage ni ma na yarda, amma ka rubuto.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ni ce matar yayanki. Ina fatan kina lafiya. Yara ƙalau, Gwaggo ƙalau. Yayanki jikinsa lafiya, amma hankalinsa ba a kwance yake ba. Ya hana kowa ya gaya miki, ni kuwa na gaji da ganinsa yana karanta takardunki yana mayarwa ƙarƙashin filo. Ban iya dogon rubutu irin nasa ba, zan faɗa miki kai tsaye.

Gilashi ya fashe musu. Suna hawa bene a wani gini da ba a gama ba, shi da Sanƙo. Sanƙo na gaba, ya ba shi baya. A kwanar matakala yayanki ya ga kusurwar gilashin ta sama za ta daki wani ƙarfe da ya leƙo daga rufi. Sanƙo bai gani ba, ya riga ya wuce ƙarfen. Yayanki ya ce ya yi duk abin da suka saba yi da fuska, to amma wa zai gani? Ya yi ihu, shi bai san ko ihun ya fito ba, kuma ana yankan tayil a ƙasa. Ya ja baya, Sanƙo ya ɗauka nauyi ne kawai, ya ƙara jan gaba yana cewa tafi, tafi. Abin nan naki yana ta zungurar hannun yayanki yana ce masa tafi har gilashin ya tarwatse.

Sanƙo ya yanke a hannun dama, yanka mai zurfi. An yi masa ɗinki, an ce ya taɓa jijiya. Yayanki ƙwarzane kawai ya samu. Manaja ya ce daga yau kurma ba zai sake zuwa wurin gini ba. Ya mayar da shi sito yana naɗe gilasai da kwali, kuma ya ce in wata ya ƙare zai duba ko akwai buƙatarsa a can ɗin ma.

Mutumin nan ba ya zama, ba ya ci. Ya shiga ɗaki ya fita, ya kama gyaran ƙofar da ba ta lalace ba. Ya je asibiti wurin Sanƙo, ya tsaya a bakin ƙofa ya juyo. Na ce masa, "Baban yara, ka rubuta wa yarinyar nan mana." Ya ce me zai ce miki, shi ya roƙa, kuma shi ya ce komai daidai.

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba. Na rubuto don ke kika san cikin abin nan, mu ba mu sani ba. Kada ki ce ni na faɗa, ko da yake zai gane.

Matar yayanki

*

Yaya Dogo,

Na ji. Kada ka yi wa Anti faɗa. Yaya hannun Sanƙo? Kai fa, yaya jikinka?

Na ɗauko takardarka ta baya na sake karantawa, wannan karon a zaune. Ka ce ƙeyarsa kake kallo. Ka ce ko mutum bai taɓa kallon fuskarka ba. Ka ce ba ka iya wucewa gida. Duk ka faɗa min, ni kuwa na tsinci layin da ya yi min daɗi na haska a bango aka yi min tafi. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba. Na je wurin shugabarmu na gaya mata komai, na ce a dakatar da guda ashirin ɗin, ta dakatar.

Ka ba ni dama in gyara. Ka amsa min ko da layi ɗaya ne.

Ƙanwarka

*

Injiniya,

Muna lafiya. An sallami Sanƙo, hannun na naɗe. Daga ƙarshe na je na gan shi a gida, matata ce ta tasa ni gaba. Da hannun hagu ya nuna min cewa laifinsa ne da ya juya. Na ce nawa ne. Muka yi ta ja har matarsa ta ce mu koma waje mu ƙarasa.

Layi ɗaya kika ce, ga shi: kada ki sake aiko min da komai.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Ba ki yi min ƙarya ba, abinki ya yi duk abin da kika ce zai yi. Sai dai kin ba su baki a hannuna, ni ba ki ba ni komai a nasu ba. Da can ni da Sanƙo mutum biyu ne ke ɗaukar gilashi. Da awarwaro ya zo sai ya zama mutum ɗaya da amalankensa. Na ji haka a jikina tun farko, amma ban san yadda zan faɗa ba. Ga yabon manaja yana yi min daɗi, ga taronki ba na so in ɓata. Kin ce in faɗi gaskiya, na lulluɓe ta na aiko miki ina jira ki buɗe. Wannan laifin kam ba naki ba ne.

Abin da nake so yanzu ɗaya ne. Sanƙo ya warke mu koma yadda muke, fuska da fuska, ba batir ba caji. Zan roƙi manaja. Awarwaron yana cikin aljihun teburi, in kina so in aiko miki da abinki.

Siton nan zai kashe ni. Ko taga babu. Ina naɗe kwali ina jin tashin motar kamfani a tafin ƙafata, ta tafi ba da ni ba. In wata ya ƙare ban san inda zan sa kaina ba.

Dogo

*

Yaya Dogo,

Na gode da ka rubuto, ko da faɗa ne. Allah ya ƙara wa Sanƙo sauƙi. Ka ce kada in aiko da komai. Yaushe rabon da in ji maganarka? Ga ƙunshi nan tare da takardar, ka karanta kafin ka jefar.

Ranar da takardarka ta zo na cire ƙofar kabad ɗin ɗakin gwajinmu. Na toshe kunnuwana, na ɗaura awarwaro, na yi wa kaina dokar ba zan buɗe baki ba. Na sa abokin aikina a gaba da makirfo, ni a baya, muka hau bene da ƙofar. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan. Muna tsakiyar hawa ɗankwalina ya zamo ya rufe min ido. Ina so ya tsaya, bawan Allah yana ta tafi, tafi. Muka zube tare da ƙofar, gwiwata har yanzu a kumbure take. A ƙasan benen nan na gane linzami na ƙera maka.

Amma komawa yadda kuke a da, ban yarda ba, ko za ka ƙara fushi. Ka ce Sanƙo ya warke. In bai warke da wuri ba fa? In ya yi tafiya, ko ya samu wani aikin? Shekara da shekaru abincin gidanka na rataye a kan lafiyar mutum ɗaya. Kuma shi ma yana da haƙƙin ya yi tafiya yana kallon gabansa.

Ga abin da ke cikin ƙunshin. Awarwaro biyu ne, ɗaya naka, ɗaya na abokin ɗaukarka. Na cire makirfon gaba ɗaya. A madadinsa akwai madannai da za a ɗaura a mariƙin kowannenku, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Duk abin da ɗaya ya danna, ɗayan zai ji a hannunsa. Tsaya ta fi komai ƙarfi. In ɗayanku ya danna ta, tafi ba za ta yi aiki ba sai wanda ya tsayar ya saki.

Ka ce wa manaja wannan ba kayan kurame ba ne. Ranar da abin ya faru Sanƙo yana da kunne biyu lafiyayyu, me ya ji? In injin yankan tayil ya tashi, duk wanda ke cikin ginin nan kurma ne.

Ban tabbata na sa madannan a daidai ba. Hannuna bai kai naku girma ba, kuma ban gwada da safar hannu mai kauri irin taku ba. Kada ka kuskura ka ce min komai daidai. Ka kai wa Sanƙo, ku zauna ku ci mutuncin abin, ku rubuto min duk aibinsa. Da katako za ku fara gwadawa, kada ku taɓa gilashi tukuna.

Ƙanwarka, mai ɗingishi

*

Injiniya mai taurin kai,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Gwaggo ta ce ki shafa man zafi a gwiwar, kuma wai wa ya aike ki ɗaukar ƙofa.

Ƙunshinki ya daɗe a kan kabad ban buɗe ba. Matata ce ta ɗauka ta kai gidan Sanƙo, ta dawo ta ce in ina son kayana in bi su. Na bi su da niyyar kwasowa, na tarar ya riga ya ɗaura ɗaya a hannun hagu yana jirana.

Kin ce mu ci mutuncinsa, to buɗe ido. Hagu da dama sun yi kusa da juna, da safar hannu sai ka danne su tare. Madannin tsaya ya yi ƙasa, sai ka lalubo shi, wanda kuwa ke shirin faɗuwa ba ya da lokacin lalube. Mun yanko robar taya mun manna masa ya yi tudu, ki zo ki ga muninsa. Maɗaurin ma ya yi gajere, ke kin ɗauka duk duniya hannun kaza gare su irin naki.

Manaja ya ƙi da farko. Sanƙo ya je da hannunsa a naɗe ya tsaya masa a ofis ya ƙi fita, har ya yarda a gwada sau ɗaya. Sai ga wata sabuwa: ba wanda zai ɗaura. Kowa ya ɓoye hannu a baya, wai shi ba kurma ba ne. Rediyo ne ya fito. An rubuta min abin da ya ce: "In dai ba za a hana ni surutuna ba, ku ɗaura min ko goma ne." Na ce ya yi ta yi, ni ne kaɗai a kamfanin nan da bai taɓa gajiya da shi ba.

Muka fara da katako, sannan gilashi, a benen bayan shago. Rediyo na gaba ya ba ni baya. Muna kai kwana, manaja da ke tsaye a sama ya zuro sandar tsintsiya ta bayan kan Rediyo, daidai inda kusurwar gilashin za ta bi, bai gaya wa kowa ba. Na danna. Rediyo ya ƙame, ƙafa ɗaya a sama, bakinsa kuwa bai fasa motsi ba. Injiniya, tun da nake ban taɓa tsayar da mutum daga bayansa ba. Da muka sauko shi ma ya tsayar da ni, ashe wani ne ke fitowa da baro ta bayana. Manaja ya ce in koma aikin bin mota. Na koma, kuma na gode, ko da yake ba na so kanki ya ƙara girma.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto da gaske. An kwance wa Sanƙo hannu. Yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce wataƙila su dawo, wataƙila ba za su dawo ba. Mariƙi ba ya kamuwa a hannunsa. Ya gwada teburin yankan gilashi, tunda idonsa ya fi na kowa a awo, amma abin yankan sai ya riƙa zamewa daga yatsunsa. Manaja ya mayar da shi sito, wurin da na bari, ya ce a gani zuwa ƙarshen wata. Yau da safe motarmu na tashi na hango shi ta ƙofar siton, yana kai yana komowa tsakanin kwalaye. Na san tafiyar nan, ban iya kallo ba.

Ban san ko akwai abin da za a ƙera masa ba, ke kika san wannan. Amma kada ki zana komai tukuna. Ki nemi hutu ki zo ki zauna da shi a teburin yanka, ki ga yadda abin ke zamewa, ki bar shi ya faɗi abin da yake so. Ya ce kada in dame ki. Na ce to, sannan na kama hannunsa na ɗora a bayan takardar nan na zagaye da biro. Ki juya ki gani. Yatsun da na yi wa alama, su ne.

Yayanki,
Dogo